Yadda Ake Gwada Magungunan Gargajiya na Indiya a Kan Garkuwar Jiki

Da wuya a ɗauko kwalbar ashwaganda ko guduci ko tulsi da aka haɗa a Indiya ba a ga an rubuta cewa maganin yana ƙara garkuwar jiki ba. Masu Ayurbeda, wato tsarin maganin gargajiya na Indiya, suna sa irin waɗannan a ajin da suke kira rasayana, wato masu sabunta jiki. Mai bincike kuwa ba zai shiga ɗakin gwaji da wannan magana yadda take ba, domin ba ta da kan da za a kama. Garkuwar jiki runduna ce mai ɓangarori da yawa: makrofaj da nutrofil masu haɗiye ƙwayar cuta, limfosayit na T, limfosayit na B masu ƙera antibodi, wato furotin mai kama ƙwayar cuta, ƙwayoyin NK masu kashe ƙwayoyin jiki da suka kamu da cuta, da saƙonnin sinadari da ake kira saitokin. Wani ɓangaren in ya yi ƙarfi fiye da kima shi kansa ciwo ne, kamar yadda ake gani a asma da lufus da wani nau'in amosanin gaɓoɓi.

Saboda haka aikin farko na alƙalami ne. A rubuta tambayar a layi ɗaya, ta ƙunshi sunan tsiro, da sashensa, da yadda aka haɗa shi, da yawan da za a sha, da abin da za a auna, da ranar awo. Misali: tataccen saiwar ashwaganda, miligiram 600 a rana, daga mako huɗu kafin allurar rigakafin infuluwenza zuwa mako huɗu bayanta, shin yana ɗaga antibodin da jiki ke yi? Kyawun irin wannan tambaya shi ne ana iya amsa ta da a'a. Duk matakan da ke biye an shirya su ne don kama sakamakon ƙarya, domin a wannan fanni samun sakamako mai daɗin ji ba ya wuya ko kaɗan.

A tabbatar da tsiron tun bai zama gari ba

Guduci, wanda ake kira giloy a arewacin Indiya, sunansa na kimiyya Tinospora cordifolia, kuma karansa ake amfani da shi. Yana da ɗan'uwa, Tinospora crispa, mai kara cike da ƙuraje, wanda aka sani da illa ga hanta. In suna ɗanye ido na raba su. Da zarar an shanya an daka, sai na'ura. Ashwaganda, Withania somnifera, matsalarsa daban ce: saiwa ita ce magani a gargajiyance, amma akan cuɗa ta da ganye saboda ganye ya fi araha kuma yana ɗaga alƙaluman sinadaran witanolid a takardar gwaji. Ganyen kuwa cike yake da witaferin A, mai kashe ƙwayoyin halitta a farantin gwaji. Tulsi ma ba ɗaya ba ne. Rama da Krishna duk Ocimum tenuiflorum ne, wanda ake ce wa vana tulsi kuma Ocimum gratissimum ne, dangin daddoyarmu.

A samo tsiron ɗungurungum, da ganye da fure in zai yiwu, masanin tsirrai ya tantance shi, a ajiye busasshen samfuri a ma'ajiyar tsirrai a karɓi lamba. A Indiya hukumar Botanical Survey of India na wannan aiki. Idan gari kawai ke hannu, a yi gwajin DNA da alamomin ITS2 ko matK, sannan a fitar da hoton sinadaransa da HPTLC ko HPLC a gwada shi da sinadarin da aka san tsiron da shi. A rubuta inda aka nome shi da watan da aka cire shi. Saiwar da ta fito daga kasuwar Neemuch ta jihar Madhya Pradesh ba lallai ta yi daidai da ta Nagaur ta Rajasthan ba. A sayi abin da zai isa binciken gaba ɗaya a buhu guda, don kada a canja kaya a tsakiyar tafiya. Baƙon da zai ɗebi tsiron Indiya don bincike kuma yana bukatar izinin National Biodiversity Authority da ke Chennai, bisa dokar 2002.

Sai gurɓata. A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda 70 daga shagunan yankin, suka sami dalma ko zaiba ko asenik a cikin 14. Iyakar da Indiya ta gindaya wa magungunan tsirrai ita ce dalma kashi 10 cikin miliyan, asenik 3, zaiba 1, kadmiyam 0.3. Wannan ba batun lafiyar mai sha kaɗai ba ne. Dalma da zaiba suna taɓa ƙwayoyin garkuwa da kansu, haka gubar aflatoksin ta hatsi da saiwar da suka yi fumfuna, don haka ana iya auna aikin ƙarfe a jingina wa tsiro. In haɗaɗɗen magani ne na kasuwa, a binciki ko an ɓoye deksametason ko firednisolon, magungunan asibiti masu danne kumburi, a ciki. Maganin da ya kwantar da kumburi nan take kamar an yi ruwa an ɗauke, shi ne farkon abin zargi.

Tatsa

A yi tatacce iri biyu, na ruwa da na etanol, domin abin da kowannensu ke ɗaukowa daban ne. Ruwa na fito da manyan sukari masu sarƙa, irin arabinogalaktan na guduci. Etanol na fito da witanolid da andirografolid da kurkumin.

Na ruwa a bi ƙa'idar gargajiya ta kwatha: kashi ɗaya na ɓarzajjen magani, kashi 16 na ruwa, a tafasa a buɗe da wuta kaɗan har ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Giram 50 ke nan a ruwa mililita 800, a sauke in ya rage mililita 100. Na etanol kuma, giram 100 na gari a lita ɗaya ta etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a jiƙa awa 72 ana girgizawa, a tace, a janye etanol ɗin a injin rotari da zafin da bai wuce digiri 40 ba, a busar da sauran ta hanyar daskararwa. A auna busasshen a lissafa kashi nawa aka samu daga garin farko. Ba tare da wannan lamba ba babu yadda za a danganta sakamako da abin da mutum ke sha. A rarraba shi ƙananan kwalabe masu duhu a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili.

A tuna cewa mutanen Indiya da madara ko man shanu suke shan garin ashwaganda, kuma maiƙo na canja yadda hanji ke tsotse sinadaran. Wanda ya gwada tataccen etanol kaɗai ya faɗi haka a rahotonsa, kada ya ce ya gwada maganin gargajiya.

Don aikin faranti a narkar da tataccen etanol a ruwan narkarwa na DMSO, miligiram 100 a mililita ɗaya. In aka sirka shi sau dubu a ruwan rainon ƙwayoyi, an sami maikrogiram 100 a mililita, DMSO kuma ya tsaya a kashi 0.1 cikin ɗari, wanda yawancin ƙwayoyi ke jurewa. Dole a bar wasu ramukan farantin da aka zuba wa DMSO zalla daidai wannan adadi, don kwatance.

Endotoksin, inda aka fi yin tuntuɓe

Saiwa a ƙasa take zaune, kara da ganye kuma suna ɗauke da bakteriya a jikinsu da cikinsu. Bangon wasu bakteriya na da sinadarin LPS, wato endotoksin, kuma makrofaj na jin ɗan ƙanƙaninsa, ƙasa da nanogiram ɗaya a mililita, ya tashi tsaye ya fara fitar da saitokin irin TNF da IL-6. Mai bincike ya zuba tataccensa, ya ga lambobi sun yi sama, ya rubuta cewa maganin ya zaburar da garkuwa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Mississippi sun nuna cewa mafi yawan zaburar makrofaj da ake gani daga tatattun wasu tsirran da aka yi wa shaidar ƙara garkuwa, daga LPS da lifofurotin na bakteriya take fitowa.

Abin da ke sa wannan tarko ya yi muni shi ne hanyoyin tsaftar da aka saba ba sa maganinsa. Matacin maikron 0.22 yana tare bakteriya, endotoksin ya wuce abinsa. Otokilef, wato tukunyar turara kaya da tururi mai zafi, yana kashe bakteriya, bai lalata endotoksin. Kayan gilashi sai an gasa su a busasshen zafi na digiri 250 na aƙalla minti 30, ruwan aiki kuma ya zama wanda aka tabbatar ba shi da endotoksin, tun daga ruwan tafasa maganin. Tun ran gini, tun ran zane.

Gwaji uku ne ke warware zancen. Na farko, a auna endotoksin da gwajin LAL, wanda aka saba gano shi da shi, amma a san cewa beta-gulukan na tsirrai da fumfuna na kunna shi a banza, don haka a sa mai toshe gulukan ko a yi amfani da nau'in da aka gina kan furotin Factor C kaɗai, wanda gulukan ba ya kunnawa. A kuma ɗiga wani sanannen adadin endotoksin a cikin samfurin a ga ko gwajin ya gano shi, saboda wasu tatattun danne gwajin suke yi. Na biyu, a haɗa tataccen da folimiksin B, maganin da ke ɗaure LPS, maikrogiram 10 a mililita, na rabin awa kafin a zuba wa ƙwayoyi. In aikin ya ɓace, LPS ne. Na uku, da yake folimiksin B ba ya taɓa lifofurotin, a maimaita da ƙwayoyin da aka toshe musu TLR2, kafar da suke jin lifofurotin da ita, ko a bi samfurin da enzayim lifofurotin lifes. Abin da ya rage bayan ukun nan shi ne za a fara kira aikin tsiro. Sau da yawa ɗan kaɗan ne ke ragewa, kuma a ganinmu rahoton da bai nuna ko ɗaya daga cikinsu ba bai cancanci a gina wani bincike a kansa ba.

Aikin faranti

Kafin a tambayi ko tatacce na canja aikin ƙwayoyi, a tabbatar ba kashe su yake ba. Matacciyar ƙwaya ba ta fitar da saitokin, sai a ɗauka an sami maganin kumburi. A jera ƙarfi daga maikrogiram 1 zuwa 100 a mililita, a yi aiki da waɗanda suka bar aƙalla kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin da rai. Sakamakon da bai bayyana sai a maikrogiram 500 ko 1000 ba shi da alaƙa da abin da ke isa jinin mai sha.

Gwajin MTT, sinadarin da ƙwayoyi masu rai ke canja wa launi, shi aka fi yi wajen gane rayayyu: miligiram 0.5 a mililita, awa 3 zuwa 4, a karanta a nanomita 570. Sai dai amla, Phyllanthus emblica, da duk tsiro mai yawan bitamin C da folifenol, suna juya MTT ya zama shuɗi-shuɗi ko babu ƙwaya ko ɗaya a ramin. Daga nan ake samun rahoton wai ƙwayoyi sun ninka. Maganinsa a bar ramuka masu tatacce da MTT ba ƙwayoyi, a wanke ƙwayoyin kafin a zuba MTT, a kuma tabbatar da wata hanya, kamar awon ATP, sinadarin ƙarfi na ƙwaya mai rai, ko ƙirga su da rinin tirifan bulu. Kurkum na da tasa fitinar: launinsa na shiga awon haske, yana ƙyalli a na'urar ƙirga ƙwayoyi, kuma a ruwan fosfet mai pH kusan 7.2 da babu siram, wato ruwan jini, kimanin kashi 90 na kurkumin na rushewa cikin rabin awa. Tanin kuwa yana cure duk furotin da ya tarar, har da antibodin ELISA, gwajin da ake auna saitokin da shi. A ratsa samfurin ta garin PVPP mai kama tanin a cire tanin a sake gwadawa.

Ga makrofaj, ƙwayoyin ɓera na RAW 264.7 su ne na yau da kullum. A shuka kimanin 50,000 a kowane rami na faranti mai rami 96, cikin ruwan raino na DMEM da siram kashi 10, a inkubeta mai digiri 37 da iskar CO2 kashi 5. Washegari a raba biyu. Rabi tatacce kaɗai, don ganin ko yana zaburarwa. Rabi tatacce awa ɗaya sannan LPS, nanogiram 100 zuwa maikrogiram 1 a mililita, don ganin ko yana kwantarwa. Deksametason ne abin kwatance a nan. Bayan awa 24 a ɗebi ruwan sama a auna naitirayit, alamar naitirik oksayid da makrofaj ke fitarwa in ya zabura, da sinadarin Griess a nanomita 540, da ma'aunin sodiyam naitirayit daga 0 zuwa maikromola 100. TNF da wuri yake hawa ya sauka, a ɗebe shi a awa 4 zuwa 6. Ƙwayoyin da aka daɗe ana dasawa, fiye da sau ashirin, halinsu na sauyawa. Makrofaj na mutum kuma ba ya fitar da naitirik oksayid sosai a faranti, don haka kada a ɗora sakamakon ɓera a kan mutum kai tsaye.

Abin da ya fi kusa da mutum shi ne fararen ƙwayoyin jininsa. A ɗebi jini a kwalba mai hefarin, a sirka da daidai yawansa na ruwan gishirin fosfet, a kwantar da shi a hankali kan Ficoll, ruwan da ke raba ƙwayoyin jini, a juya a injin juyi da ƙarfin 400 g, wato ninki 400 na jan ƙasa, minti 30 a zafin ɗaki, birkin injin a kashe. Wanda ya manta da birki zai tarar farin zoben da yake nema ya dagule. A wanke sau biyu, a shuka 100,000 zuwa 200,000 a rami, a zaburar da su da PHA, sinadarin da ke sa limfosayit rarrabuwa, maikrogiram 5 a mililita, a bar su awa 72, a auna rarrabuwarsu da CFSE ko BrdU. Aikin ƙwayoyin NK ana auna shi da yadda suke kashe ƙwayoyin daji na K562 cikin awa 4. A yi aikin a ranar da aka ɗebi jinin. Mutum shida ne ƙarancin masu ba da jini, domin bambancin mutum da mutum kan fi tasirin maganin girma, kuma rami uku daga jinin mutum ɗaya mutum ɗaya ne a lissafi. Wanda ke wannan aiki a Kano ko Zinder ya fara gwada masu ba da jinin ko suna da zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, don duka biyun na karkatar da saitokin.

Ɓera

Ba a taɓa dabba sai da izinin kwamitin ɗa'a. A Indiya hukumar CCSEA ke sa ido. A fara da gwajin guba na ƙa'idar ƙasa da ƙasa OECD 423, mai iyakar miligiram 2000 a kilo, da na kwana 28, OECD 407, idan za a daɗe ana ba da maganin.

Yawan magani daga na mutum ake lissafo shi bisa faɗin fata. Miligiram 600 ga mai kilo 60 miligiram 10 ke nan a kilo. A ninka da 12.3 don ƙaramin ɓera, a sami 123, ko da 6.2 don babba, a sami 62. A ɗauki wannan a tsakiya, da rabinsa, da ninkinsa. Ta baki za a ba shi, cikin ruwan kauri na CMC kashi 0.5, mililita 10 a kilo. Allurar tatacce a kogon ciki tsallake hanji da hanta take yi, ta kai endotoksin gaban makrofaj kai tsaye. Rukunin kwatance shi ma a ɗura masa CMC kullum, domin wahalar ɗurar kanta na ɗaga kotikosteron, sinadarin da jiki ke fitarwa in ya takura, shi kuma ya danne garkuwa.

Gwajin da aka saba shi ne na jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya. A wanke su sau uku da ruwan gishiri, a yi wa ɓera allurarsu ranar farko, a ɗebi jini rana ta bakwai. A ɗumama siram a digiri 56 minti 30, a yi ta sirka shi biyu-biyu a faranti, maikrolita 25 a rami, a ƙara maikrolita 25 na jinin tunkiya kashi 1, a duba rami na ƙarshe da ya cure. Lambobin ninki ne, a mayar da su log2 kafin lissafi. Don aikin limfosayit na T, a yi allurar jinin tunkiyar a tafin ƙafa ɗaya, ruwan gishiri a ɗayar, a auna kumburi bayan awa 24 da 48. Mai awon kada ya san rukunin ɓeran da ke hannunsa, domin ɗan matsa ma'auni kaɗan ya isa ya ƙirƙiro bambanci.

Da yawa suna fara danne garkuwar da saikulofosfamid, misali miligiram 80 a kilo kwana uku, su ga ko maganin zai farfaɗo da ita, da lebamisol a matsayin abin kwatance. A kula da lokacin ba da saikulofosfamid ɗin. In aka yi allurarsa gab da jinin tunkiya na farko, yakan kashe limfosayit masu tsawatarwa, kumburin ƙafa ya ƙaru maimakon ya ragu.

Mutane

A yi rajistar gwajin kafin a ɗauki mutum na farko. Rajistar Indiya, CTRI, ta fara aiki a 2007. A rubuta babban abin awo guda ɗaya tun a nan. Wanda ya auna saitokin ashirin, ko maganin ruwan banza ne, ana sa ran ɗaya zai fito da bambanci bisa sa'a kawai.

Abin awo mai ma'ana shi ne wanda ya shafi kariya: antibodin infuluwenza ranar allura da rana ta 28, a ƙirga waɗanda nasu ya ninka huɗu, ko yawan kwanakin mura da tari a tsawon hunturu guda. Hawan fararen ƙwayoyin jini cikin iyakar lafiya ba ya nuna kowa ya tsira daga komai. Don gano bambanci matsakaici, rabin ma'aunin warwatsuwa (standard deviation), ana bukatar mutum 64 a kowane rukuni, a ƙara kashi 15 zuwa 20 saboda masu janyewa. Kwamfuta ce za ta raba mutane. Jini kuma a ɗebe shi da safe a sa'a guda kullum, saboda yawan limfosayit na hawa da sauka tsakanin dare da rana.

Kafson wofi da za a ba rukunin kwatance aiki ne babba. Guduci ɗaci gare shi, ashwaganda kuwa sunansa ma warin doki yake nufi, kuma gyatsa na tona asiri. A yi amfani da kafso mai duhu, a ajiye na wofin tare da ɗan ƙunshin garin a mazubi ɗaya ya ɗauki wari, a ƙarshe a tambayi kowa rukunin da yake zaton yana ciki.

Ba a sa mai ciki, ko mai shayarwa, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai ciwon da garkuwa ke cin jikinsa. A 2021 likitoci a Mumbai sun ba da rahoton mutum shida da hantarsu ta kumbura bayan sun sha giloy don kariya daga korona, kumburin kuma ya yi kama da wanda garkuwar jiki ke jawowa. Ma'aikatar AYUSH, wadda aka kafa a 2014 don kula da magungunan gargajiya, ta musa, ta ce mai yiwuwa an rikita tsiron da Tinospora crispa. Ashwaganda ma an danganta shi da raunin hanta da ɗaga sinadarin maƙoƙo, Denmark ta hana sayar da shi a 2023. Don haka a auna ALT da AST da bilirubin, alamomin lafiyar hanta, kafin a fara, da mako na huɗu, da ƙarshe, a haɗa da TSH, awon aikin maƙoƙo, ga masu shan ashwaganda. Duk wanda ALT ɗinsa ya haura ninki uku na iyakar lafiya tare da bilirubin ninki biyu, a tsayar masa da maganin a ranar, a buɗe ambulan da aka ɓoye sunan rukuninsa a ciki, a ciro kwalbar da aka ajiye daga buhun da ya sha a mayar da ita gwajin DNA da na ƙarfe.